Ruwan da Nake Ɗebar wa Malam

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Na daɗe ina cewa zan zauna in rubuta wannan jinya, amma zaman ne ya gagare ni. Ko yanzu a tsaitsaye nake yi, in rubuta layi uku in miƙe in leƙa ɗaki, in dawo na manta inda na tsaya. Don masu rijiyar burtsatse a gida nake rubutawa, musamman mata irina, masu ganin babu wadda ta kai su iya kula da miji.

Ni ma'aikaciya ce, na haura shekara ashirin ina buga takardu a wani ofishin gwamnati. Maigidana malamin Alƙur'ani ne. A zauren gidanmu da ke Unguwar Kanawa yake karantar da magidanta, yawancinsu ma'aikata ne da ke biyowa in an tashi daga aiki. Da hannunsa yake rubuta wa kowa allonsa, kuma rubutun nasa abin a tsaya a kalla ne. Malam kowa ke ce masa, ni ma haka nake kiransa.

Shekara tara ke nan da famfon layinmu ya ɗauke, ko tari ya daina yi. Ɗaliban Malam suka haɗu suka haƙa mana rijiyar burtsatse a tsakar gida, aka ɗora mata famfon tuƙa-tuƙa. Allah ya saka musu da alheri, ba su da laifin komai a cikin abin da zan faɗa. Sai dai ruwan yana da wani hali. In ka tuƙo shi, fari ne tas, har fuskarka za ka gani a ciki. Ka bar shi a buɗe rabin yini, sai ya juye ja kamar shayi, ya yi ƙarnin tsatsa, ya ɓata maka farin kaya. Muka samo dabara: a cika duro, a bar shi kwana biyu jan ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama ta ƙyalle a juye a randa. Shi nake sha, shi yara ke sha in sun dawo hutu daga makarantar kwana, shi ake ba baƙi.

Amma ban da Malam. Ni a hannun kakata na tashi, kuma ita ta koya min cewa maigida ba ya shan kwanannen ruwa. Ina zan kai fuskata in miƙa wa mai karantar da littafin Allah ruwan da ya yi ja ya kwanta? Don haka ruwan Malam daban ne. Kullum bayan sallar asuba ni ce a bakin famfo, in tuƙa in zubar da na farko, in cika manyan filas biyu har baki in rufe gam, don na lura in iska ba ta shiga ba, ba ya saurin juyewa. In na dawo daga aiki in sake ɗebo sabo. Da shi nake dafa masa shayi, ga shi mutumin shayi, buta ba ta sauka daga kan wuta. Ba zan ɓoye ba, alfahari nake yi da wannan. Har gori nake yi wa matan ofishinmu, in ce ku dai kuna nan kuna ba mazanku abin da kuka ga dama.

Da farkon damina ciwon Malam ya taso, ko in ce a lokacin muka yarda ya taso. Tun kafin nan akwai wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe da farare a ƙirjinsa da bayansa, muka ce shekaru ne. Tafin hannunsa ya yi kanta, da wasu ƙulle-ƙulle masu tauri kamar ƙwayar dawa, muka ce riƙon alƙalami ne da carbi. Makon farko dai ciki ne, murɗawa da gudawa, ta zo ta tafi, ga kasala. Mai kemis na bakin titi bai ko ɗaga kai ba ya ce taifot ne da maleriya. Muka saya, ya shanye, babu abin da ya canza.

Mako na uku ƙafafu suka shiga. Da fari ya ce ji yake kamar yana taka garwashi, daga baya ya ce kamar ya sa safa mai kauri. Wata rana ya dawo daga sallar la'asar da takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayan ya fice a hanya bai sani ba. Na yi ta dariya, na ce Malam, yanzu har takalmi ma sadaka ake yi da shi wari-wari? Shi ma ya yi murmushi. Wannan dariyar har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina.

Muka je asibitin gwamnati. Duk wanda ya san layin kati ba sai na ba shi labari ba. Ƙarfe bakwai muna can, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar, shi ma a gajiye, mutum sun fi ƙarfinsa. Ya ce alamun ciwon suga ne, a gwada. Aka gwada, babu suga. Ya rubuta maganin ƙarin jini da na jijiya, ya ce Malam ya riƙa shan ruwa da yawa. Ban ga laifinsa ba, abin da ya gani a minti biyar ya faɗa. Ni kuwa da na dawo gida sai na sayo filas na uku.

Mako na biyar Yaya Asabe ta iso daga Unguwar Shanu. Yayar Malam ce, ita ta goya shi, kuma har yau gani take bai sauka daga bayanta ba. Ta shigo da ƙunshin saiwoyi da ɓawon itace ta dire a gabana.

"Basir ne," in ji ta. "Ku 'yan boko komai sai asibiti. Ki zuba ruwa ya sha kansu, ki bar shi ya yi ta tafasa har ya koma rabi. Safe da yamma."

Na ce to, Yaya. A raina na ce in basir ke cire wa mutum takalmi, da rabin Kaduna ba takalmi suke yawo. Amma na dafa, don ban da abin da zan ce ya fi nata. Da farin ruwan Malam na dafa, na bar shi ya ƙone ya koma rabi kamar yadda ta ce. Ɗalibai ma suka yi ta rubutu suna kawowa, ni ke wanke allunan, kuma da wane ruwa zan wanke ayar Allah in ba mafi tsafta ba? Maƙwabciya ta ce sanyi ne. Wani a ofis ya ce a kai shi a yi masa ƙaho. Kowa da nasa, ni kuwa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, in shiga nan in fita can.

A mako na bakwai alƙalami ya faɗi daga hannunsa yana tsakiyar rubuta wa wani allo. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Na ji shiru daga zaure ya yi yawa, na leƙa ta labule, na gan shi yana kallon yatsunsa. Daga ranar wata kalma ta fara yawo a unguwa, ba a faɗa a gabanmu amma ta iso: kuturta. Tabo a jiki, ga rashin ji a hannu da ƙafa, me ya rage? Zaure ya fara raguwa. Waɗanda suka ci gaba da zuwa sai su rusuna daga nesa, hannu a ƙirji, wai girmamawa. Malam ba yaro ba ne, ya gane. Shi da kansa ya ce a ware masa kwano.

Muka yi doguwar tafiya zuwa wani asibitin masu wannan cuta a wajen gari. A can na ga mutunci. Wani ma'aikacin jinya, dattijo, ya kama hannun Malam biyu ba tare da ya sa komai a nasa ba, ya gaishe shi kamar sun saba. Allah ya yi wa wannan bawa albarka. Suka gwada, suka ce ba ita ba ce. Na yi hamdala, sannan na tambaya, to mece ce? Suka ce sai dai mu nemi likitan fata a babban asibiti.

A satin ne muka yi da Yaya Asabe. Ta zo ta tarar ya ƙara ramewa, ta dube ni sama da ƙasa a tsakar gida.

"Ni fa akwai abin da ban gane ba," ta ce. "Gida ɗaya, tukunya ɗaya. Ke ga ki nan ɓul-ɓul, yara lafiya lau. Me ake ba ƙanina wanda ba a ba kowa?"

Ina da baki, kowa ya sani, kuma ranar ban riƙe shi ba. Na ce Yaya, in zargina kike yi ki fito fili. Na ce shekara ashirin da shida ina bauta a gidan nan, ko ruwan da muke sha ban yarda ya sha ba. Na dafa ƙirji na rantse da Allah babu abin da ya taɓa shiga bakinsa ta hannuna sai alheri. Malam ya yi gyaran murya daga ɗaki ya ce ya isa haka. Ta ɗauki mayafinta ta fita ko sallama babu.

Sau uku muna zuwa babban asibiti kafin mu ga likitar fata. Na farko an cika, na biyu fayil ya ɓata, na uku ne Allah ya yi. Albashina na watan a hanya da gwaje-gwaje ya ƙare, na sayar da 'yan kunnena, shugabana a ofis ya fara ɗaure fuska in na nemi izini. Wannan mako na goma ke nan. Likitar yarinya ce, ba ta fi babbar 'yata da yawa ba, har na ce a raina wannan me ta sani. Ta juya tafin hannunsa ta daɗe tana kallo. Ta duba tafin ƙafa, ta sa ya ɗaga riga ta duba bayansa. Sannan ta yi tambayar da babu wanda ya taɓa yi mana.

"Baba, wane ruwa kuke sha a gida?"

Na yi caraf na amsa masa, na ce na rijiyar burtsatse, amma shi mai kyan nake ba shi. Ta ce tana zargin wata guba ce da ake kira arsenik. Sau biyu na sa ta maimaita sunan. Abin da ta ce bayan nan ya zauna min daram: "Mama, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Daga cikin dutsen ƙasa take shiga ruwa. Tafasawa ba ta kashe ta, don ba ƙwayar cuta ba ce. A hankali take taruwa, shekara da shekaru." Ta ce daga yau kada kowa ya sake sha ko girki da shi. Aka ɗebi fitsarinsa, aka yanki farcensa, ta rubuta mana inda za mu kai ruwan a gwada.

Kwalba ɗaya ta ce in kai. Ni da iyayina na kai biyu, ɗaya daga randa, ɗaya sabon ɗiba na cika har baki. Na rubuta a jikinsu, "na gida" da "na Malam". So nake a ba ni a rubuce cewa ko da akwai matsala, ba ta nawa ɓangaren ta zo ba. Har na tsara yadda zan kai wa Yaya Asabe takardar.

Bayan sati biyu na koma ni kaɗai. Mai gwajin, wani mai furfura da tabarau, ya shimfiɗa takardu biyu a tebur.

"Hajiya, duka biyun ba na sha ba ne, wannan ki fara riƙewa. Amma wa ke shan wannan farin?"

Na ce maigidana.

"Shi kaɗai?"

Na ce shi kaɗai.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce jan nan da muke ƙyama ƙarfe ne, shi da kansa ba shi ne babban abin tsoro ba. In ruwan ya sha iska jan ya kwanta, yakan ja wani kaso na gubar ya sauka da ita ƙasan duro. "Ba duka ba fa, kada ki je ki ce na ce ya gyaru. Amma na randar nan ya rage sosai. Wannan farin kuwa, komai da komai yana ciki." Na ce to in aka tafasa shi ya ƙone ya koma rabi fa? Ya ce ruwan ne ke tafiya, ita tana nan, ƙara kauri take yi.

Ban hau adaidaita ba. Da ƙafa na taho, ban san na wuce kwanar gidanmu ba sai da na gan ni a Unguwar Sarki. Shekara tara. Kowace asuba. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba. Ga rantsuwar da na dafa ƙirji na yi a tsakar gida. Tambayar Yaya Asabe daidai take, ni ce ban san amsarta ba.

Takarda ɗaya na nuna wa Malam, ta ruwan randa. Na ce rijiya ce ba ta da kyau, na naɗe ɗayar na tura ƙasan jakata. Gwajin jikinsa ma ya fito, ya tabbatar da zargin likita. Ni ma an gwada ni da yara, an samu kaɗan, an ce a riƙa bibiya. Aka ɗaure hannun tuƙa-tuƙa da sarƙa. Malam ya aika gida-gida a layinmu cewa kowa ya kai nasa a duba. Wasu suka kai, na yawancinsu lafiya, na gida biyu ba lafiya ba. Wasu suka ce kakanninsu ma rijiya suka sha. Muka koma sayen ruwan gora da na leda, wanda shi ma ban san daga ina ake ɗebo shi ba, amma ya zan yi.

Yaya Asabe ta zo har ɗakina ta ce in yafe mata, shaiɗan ne da zafin ciwon ɗan'uwa. Na ce ba komai, Yaya. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Sauƙi ya fara samuwa, alhamdu lillahi. Ciki ya lafa cikin 'yan makonni, ya fara cin abinci. Man da aka ba shi ya tausasa kantar. Ƙafa ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, ɗalibai ma haka, wasu da kunyarsu. Hannu ne ya ƙi. Likita ta ce jijiya ba ta gaggawa, wata ta dawo, wata ba ta dawowa. Kuma ɗaya daga cikin ƙulle-ƙullen tafin hannunsa na dama ya fashe ya ƙi warkewa, ta ce ba ta son kamanninsa, sai an yanki kaɗan an duba ko ya rikiɗe ya zama wani abu.

Ni kuwa na rasa sukuni. In share tsakar gida sau huɗu, in wanke kayan da ba su yi datti ba, a ofis in buga takarda ɗaya sau uku. Zan dafa masa abinci, zan shafa masa magani, zan gasa masa ƙafa. Abu ɗaya ne na kasa: miƙa masa ruwa. In na ɗauko gora sai in tuna farin ruwan nan. Sai in dire ta kusa da shi in ce ga ruwa nan, in fice kamar ana kirana. Wata biyu muna haka.

Kafin in ƙarasa, ga abin da ya sa na ɗauki biro. In kuna da rijiyar burtsatse, ku kai ruwanku a gwada, ku ce a duba har da arsenik, don ba kowane gwaji ne ke nemanta ba. Kada farinsa ya ruɗe ku, kada ku ce ai muna tafasawa, kada kuma ku ce tunda ya kwanta ya gyaru. In kun ga ɗigo-ɗigo a jiki da kanta a tafin hannu da ƙafa, ku faɗa wa likita irin ruwan da kuke sha ko bai tambaya ba. Rashin sani ya fi dare duhu, ni na shiga na gani.

Ranar da za a yi yankan, shekaranjiya ke nan, muna zaune a benci a barandar asibiti tun safe. Mutane cike, ana ta kiran suna. Na kalli hannunsa a naɗe a kan cinyarsa, sai na ji in ban faɗa yanzu ba zan fashe. Na zaro takardar, duk ta yamutse, na faɗa masa komai: kwalba biyu, da abin da mai tabarau ya ce, da saiwoyin da na ƙona, da allunan da na wanke. Na ce Malam, ni ce. Da na bar ka ka sha abin da kowa ke sha, da yanzu kana zaure kana rubutu.

Wata mata kusa da mu ta kawar da kai.

"To ni da nake sha ina santi," ya ce, "ina faɗa wa abokaina babu mai irin matata, wa zan kai ƙara? Abin da kika nufa shi aka rubuta miki, Hajara. Wannan babu shi tsakanina da ke."

Na fara kuka, ya ce in tsaya bai gama ba.

"Wanda na riƙe ki da shi daban ne. Wata biyu kina dire min gora kina gudu. Kin manta ba na iya murɗa murfi? Sai in zauna ina kallonta har wani ya shigo. Akwai ranar da tun hantsi har la'asar ban sha ba. Na zaci ƙyamata kika fara yi, shi ya sa ban kira ki ba."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, ko sau ɗaya. Na lalubo gora a jaka na buɗe, garin sauri rabi ya zube masa a riga. Na tallafi ƙeyarsa na kai masa baki. Yana cikin sha aka kira sunansa daga ƙofa, aka sake kira. Na yi yunƙurin janyewa, ya danne hannuna da bayan nasa, bai saki ba sai da ya shanye.